Iya ruwa fid da kai: inda sabon shiga tirayatlon ya kamata ya zuba shirinsa

Ranar 25 ga Satumba, 1974, mutum 46 suka hallara a bakin ruwan Mission Bay da ke birnin San Diego na Amurka, domin wata gasa da ƙungiyar 'yan tseren birnin ta shirya. Jack Johnstone da Don Shanahan ne suka tsara ta, suka haɗa gudu da tuƙa keke da iyo a cikin tsere guda, babu hutu a tsakani. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin wasan da ake kira tirayatlon. A ranar da gudu aka fara, iyo ya zo daga baya, bayan an riga an jigata. Daga bisani jerin ya daidaita a kan yadda yake yau, wato iyo da farko, sai keke, sai gudu. Hikimar wannan jeri a fili take. Wanda ya gaji a kan ƙafa zai iya zama a gefen hanya, wanda ya gaji a kan keke yana da birki, amma wanda ƙarfinsa ya ƙare a tsakiyar tafki ba shi da wurin tsayawa.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa sabon shiga inda ya kamata ya zuba shirinsa. Sai dai da yawa daga masu shiga karon farko akasin haka suke yi. A ɗauki misalin ma'aikacin banki ko injiniya ɗan shekara 43, a Abuja ko Landan ko Dubai, wanda ya soma gudu bayan sallar asuba don rage tumbi, ya ji daɗin abin, ya kammala tseren kilomita 10 sau biyu, sannan wani abokin aiki ya kwaɗaita masa tirayatlon. Abu na farko da zai yi shi ne neman keke. Zai kwashe makonni yana kwatanta farashi, yana karanta bayani a kan nauyin keke da yawan giyarsa. Zai ƙara nisan gudunsa, domin gudu ya riga ya iya, kuma agogon hannunsa yana yaba masa kowace safiya. Iyo kuwa sai ya jingine shi sai rana ta ƙarato, yana cewa ai mita 750 ne kawai.

Lissafin nasa ba na wauta ba ne. Gajeren tseren da aka fi ba sababbi shawarar shiga ya ƙunshi iyo na mita 750, da keke na kilomita 20, da gudu na kilomita 5. Na Olamfik, wanda aka fara yi a wasannin Sydney a 2000, ninki biyu ne: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. A kowannensu iyo ne ke cin lokaci mafi ƙanƙanta. Ga zakaru bai cika kashi ɗaya cikin biyar na dukan tseren ba, yayin da keke ke cinye kusan rabi. Mai neman rage mintoci a kan keke zai same su. Amma neman mintoci na wanda ya riga ya saba ne. Buƙatar sabon shiga ita ce ya fito daga ruwa da hankalinsa a jikinsa, kuma a nan ne ƙididdiga ke magana da wata murya dabam.

A 2017 mujallar likitoci ta Annals of Internal Medicine ta buga binciken da Dakta Kevin Harris na Minneapolis ya jagoranta, inda aka tattara mace-mace da tsayawar zuciya da suka auku a gasannin tirayatlon na Amurka daga 1985 zuwa 2016. An samu 135. Daga cikinsu 90 a lokacin iyo suka faru. Na lokacin gudu 15 ne, na tsayawar zuciya a kan keke 7, na bayan kammala tsere 8, sai wasu 15 da suka mutu sakamakon haɗari a kan keke. Kashi 85 cikin ɗari maza ne, matsakaicin shekarunsu kuma kusan 47. A cikin waɗanda aka yi wa binciken gawa, kashi 44 cikin ɗari an tarar suna ɗauke da ciwon zuciya da bai bayyana ba suna raye. Ke nan zangon da ya fi gajarta shi ne ya ɗauki kashi biyu cikin uku na asarar, kuma mutumin da abin ya fi shafa ya yi kama ƙwarai da ma'aikacin bankin nan.

Me ke cikin ruwa da ya sa haka? Wanda ya koyi iyo a tafkin wanka na otal bai san ruwan gasa ba tukuna. Ruwan otal garai-garai yake, ana ganin ƙasansa, kuma bango yana jiran mutum a kusa. A tafki mai tsawon mita 25, mita 750 zuwa talatin ne, kowane zuwa da bangon da za a dafa, a ja numfashi, a tura da ƙafa. A tabki ko teku babu ko ɗaya cikin waɗannan. Ruwan ya yi duhu, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, dole ya riƙa ɗaga kai yana neman alamar da ke reto a nesa, in ya manta kuma ya bauɗe ya ƙara wa kansa tafiya. Ga taron jama'a. Da an busa usur gomman mutane za su faɗa ruwa lokaci guda, wannan ya shure wancan a fuska, wani ya hau bayan wani, tabaron ruwa ya goce. Ga sanyi, wanda da ya taɓa fata yake sa mutum haki ba da sonsa ba, ya ɗaga bugun zuciya da hawan jini. A daidai wannan lokaci nutsa fuska a ruwa da riƙe numfashi suna aika wa zuciya saƙon ta rage gudu. Masu bincike na zargin cewa karon waɗannan saƙonni biyu na iya rikita bugun zuciyar da dama take da rauni. Akwai kuma wata larura da ruwa ke taruwa a huhun mai iyo, ya kama tari da sarƙewar numfashi ko da bai shaƙi ruwa ba.

Duk wannan yana faruwa ne a wurin da numfashi ba kyauta ba ne. Mai gudu in ya firgita zai buɗe baki ya shaƙi iska yadda ya ga dama. Mai iyo sai fuskarsa ta fito, kuma firgita ita ce ke fara ɓata lokacin fitowar.

Adalci ne a faɗi ɗaya gefen. Binciken nan ya nuna cewa tsakanin 2006 da 2016 abin ya shafi mutum 1.74 ne a cikin kowane 100,000 da suka shiga. Wannan kaɗan ne, kuma zaman kujera daga safe zuwa dare, da hawan jinin da ba a auna ba, sun fi kowace gasa cin rai nesa ba kusa ba. Don haka babu hujja a nan ta cewa kada a shiga. Hujjar ita ce haɗarin bai rabu daidai ba. Ya taru a zango ɗaya, ya kuma fi yawa ga mazan da suka haura 40. Irin wannan mutum, kafin ya biya kuɗin rajista, ya kamata ya auna jininsa, ya zauna da likita ya gaya masa abin da yake shirin yi, musamman in ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri ko suma yana motsa jiki, ko kuma an taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsa. Kuɗin wannan bai kai na tayar keken tsere ɗaya ba.

Wani abu da ke karkatar da sababbi shi ne labarin da wasan ya ba da kansa. A Fabrairun 1978 mutum 15 suka tashi a tsibirin Oahu na Hawai domin tseren farko na Ironman: iyo na kusan kilomita 4, keke na kilomita 180, sannan gudun kilomita 42. Goma sha biyu suka kammala, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Shekara huɗu bayan haka, a Fabrairun 1982, wata ɗaliba 'yar shekara 23 mai suna Julie Moss tana kan gaba a cikin mata, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta gab da ƙarshe. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe. Talabijin ya nuna wa Amurkawa wannan, mutane suka yi ta tururuwa zuwa wasan. Jarumtarta ba abin musu ba ce. Amma darasin da aka ɗauka daga hoton, cewa taurin rai yana cike gurbin shiri, darasi ne na kan kwalta. Julie Moss a kan titi ta rarrafa, ga jama'a kewaye da ita. Babu wanda ke rarrafe a ruwa mai zurfin mita goma. Shi ya sa sabon shiga da ya tsallake gajeren tsere ya yi rajistar rabin Ironman, mai iyon mita 1,900, don kawai sunan ya fi daɗin faɗi a ofis, ya sayi suna ne da abin da bai san farashinsa ba.

A ƙarƙashin wannan duka akwai dalilin da ba a cika faɗa ba, wato kunya. Keke da gudu ba sa zubar da girman kowa. Iyo kuwa dole babban mutum ya tuɓe, ya tsaya a ruwa iya ƙugu, matashin da bai kai ƙaninsa ba yana ce masa ya sa fuska a ruwa ya busa kumfa, yara kuma suna wuce shi a gefe kamar kifi. Ga wanda ya saba shi ke ba da umarni a wurin aiki, wannan ya fi tseren kilomita 10 wuya. A ƙasar Hausa akwai gwanayen ruwa, kowa ya ga bikin Argungu ya ga yadda 'ya'yan masunta ke gasar iyo da nutso a Matan Fada. Amma wanda ya tashi a cikin birni, ana jan kunnensa kada ya kusanci kududdufi, sau da yawa yakan kai girma bai taɓa koyo ba. Ga mata kuma abin ya ƙara wuya, domin samun wurin iyo mai lokacin mata kaɗai da mace mai koyarwa sai an tona. Wannan shi ne ainihin aikin da tirayatlon ke ɗora wa irin waɗannan masu shiga, kuma watanni yake ci. Ribarsa ta wuce ranar gasa, ga duk wanda wata rana zai hau kwalekwale a Neja ko a wani dam.

Gargaɗi ɗaya ga mai atisaye a gida: shawarar da ake bayarwa a Turai, cewa a je tabki mafi kusa a gwada, ba ta zauna daidai a nan ba. Ruwan daɗi da ke kwance, na dam da tafki da fadama, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Ruwan teku da na tafkin da ake zuba wa sinadarin kulorin ba sa ɗauke da ita. Wanda bai da teku a kusa zai iya kwaikwayon wani abu na ruwan gasa a tafkin wanka: ya juyo kafin ya taɓa bango, ya koyi ɗaga kai yana duban gaba, ya sa abokai uku ko huɗu su yi iyo kafaɗa da kafaɗa da shi, ya kuma koyi juyawa rigingine ya huta ba tare da ya dafa komai ba. Sannan ya isa garin gasar da wuri, ya shiga ainihin ruwan tare da wasu kafin ranar. Shi kaɗai kada ya shiga, ko da ya ƙware.

Sauran zangunan ba sa bukatar dogon bayani. Duk keken da birkinsa ke ci, tayarsa ke da lafiya, zai kai mutum kilomita 20. Doka ce a ɗaure hular kwano kafin a taɓa keke, kuma ba a hawa sai an wuce layin da aka shata. Ƙafafu kan yi nauyi kamar na aro in an sauko daga keke an kama gudu, maganinsa kuwa a riƙa haɗa su a atisaye, ko da gudun minti goma ne. Takalmi ko riga ko abincin da ba a taɓa gwadawa ba, a bar su a gida, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Dokokin iyo sun fi yadda sababbi ke zato sauƙi, sai dai ba kowa ke karanta su ba. Kowane salon iyo an yarda da shi, har na rigingine. An yarda mutum ya tsaya yana taka ruwa, an yarda ya riƙe alama ko kwalekwalen masu ceto da ke tsaye ya huta, muddin bai yi amfani da shi ya ci gaba ba, sannan ya saki ya ƙarasa tserensa. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ya ɗaga hannu sama a zo a ɗauke shi. Wurin tashi ma mutum ke zaɓa wa kansa. Sabon shiga zai iya komawa can baya ta gefe, in an busa usur ya ƙirga goma, taron ya yi gaba, sannan ya shiga ruwan da ya lafa. Abin da zai rasa daƙiƙu ne kaɗan, ƙasa da waɗanda zai ɓata yana laluben igiyar takalminsa a zango na gaba.