Sakandaren Gwamnati a Jos: Yabo da Gyara

Masu iya magana sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kan haka ne nake so mu ɗora makarantar sakandare ta gwamnati a Jos a kan sikeli. Da yawa suna auna ta da sakamakon WAEC da NECO kawai, in bai yi kyau ba su ce ta mutu. A nawa ra'ayin, wannan awon bai cika ba.

Mu fara da yabo. Na farko, ita ce gatan ɗan talaka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Mai tura baro a Taminus ba shi da wata ƙofa sai wannan. Na biyu, yawancin malamanta sun koyi aikin koyarwa ne a Gindiri ko Pankshin ko Jami'ar Jos, alhali wasu makarantun kuɗi kan ɗauki duk wanda ya yarda da ƙaramin albashi. Biyan kuɗi ma ba shi ne tabbacin nagarta ba. Ginin da ya rufta a Busa Buji ranar 12 ga Yuli, 2024, mutum 22 suka rasu, na makarantar kuɗi ne.

Amma babban alherinta shi ne haɗa kan jama'a. Makarantar kwana irin ta kimiyya da ke Kuru ta daɗe tana zaunar da Birom da Angas da Tarok da Bahaushe da Ibo a kan benci ɗaya. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun raba unguwannin Jos, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, ɗalibai kuma suka bi iyayensu. Yaron da ya gama aji shida bai taɓa raba biro da wanda ba addininsu ɗaya ba, kowace jita-jita aka kawo masa zai gaskata. Babu jarrabawar da ke auna wannan asara.

Sai kuma gyara. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara ɗalibai 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, amma a makarantun jeka-ka-dawo na tsakiyar gari aji kan zarce haka nesa ba kusa ba. Yaya malami zai duba insha'in kowa ya gyara? Haka kuma akwai ƙarancin littattafai da kayan gwaje-gwaje, ga yajin aiki idan albashi ya makale, ga rashin zuwan sufetoci a kai a kai. Sakamakon haka, wasu iyaye kan kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake satar amsa idan jarrabawa ta matso.

Akwai gyaran da ya shafe mu kai tsaye, 'yan'uwana ɗaliban harshe. Da Hausa ake ciniki a Farin Gada, da ita Jarawa da Anaguta da Fulani ke gaisawa, amma kaɗan ne ke iya rubuta ta bisa ƙa'ida. Tun 1977 manufar ilimi ta so yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa, Ibo ko Yarbanci. Ina malaman? Harsunan Filato ma sun fi shiga halin maraici.

Daga ƙarshe, ina kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Filato da ta ƙara ajujuwa, ta ɗauki malaman harsuna, ta kuma ƙarfafa makarantun da ke kan iyakar unguwanni domin yaran kowane ɓangare su iya zuwa ba fargaba. Mu kuma idan lokacin gwajin koyarwa ya zo, kada mu guji waɗannan makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.