Mai Gudu Ya Iya Barin Nama, Amma Ban Da Mai

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin 'yan tserenmu, wai wanda ke son cin gudun famfalaki sai ya bar nama da mai ɗungum. Ni dai a ganina rabinta gaskiya ne, rabi kuwa ɓata.

Lalle tuwo shi ne itacen wutar mai gudu. A 2004 masana suka auna abincin gwanayen gudu na ƙabilar Kalenjin a Kenya, suka tarar wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsu daga irin su tuwon masara da sukari yake fitowa, nama kaɗan ne. Ashe ɗan Bagama da ya tashi da tuwon dawa, doya da wake ba shi da abin jin kunya.

Amma fa Kenyawan nan suna shan shayi da madara kullum, watau ba su rabu da maiƙo ba. Cokalin mai ya ninka cokalin gari ƙarfi, kuma sai da shi jiki ke tsotse bitamin A, mai gyara ido. Wanda ya bar nama kuwa, in bai lizimci wake da ganye ba, jininsa ya ragu, numfashi ya gaza masa tun kafin rabin hanya.

To, 'yan'uwa, mu da za mu koyar da yara gobe, kada mu hana su gyaɗa, ƙuli-ƙuli da manja. Da yunwa ba a cin tsere.