Kafin Baba ya zuba kuɗin fanshonsa a jip

1/ Jama'a, Sallah na ƙaratowa, na san a gidaje da yawa an fara zancen "a sayi jip saboda zuwa gida". To ku gyara zama. Yau da dillalan mota nake, da mu 'ya'yan gida masu zuga iyaye su sayi motar da za mu ɗau hoto a jikinta. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri. 🧵

2/ Yawancin abin da muke kira jip ba motar daji ba ce. Highlander, RX 330, RX 350, Venza, duk a kan ginin Camry aka ɗora su. Motar kwalta ce aka ɗan ɗaga. Tana da daɗi, tana da sanyi, ba na musu. Amma ka shiga laka da ita a watan Agusta, sai samarin ƙauye sun naɗe wando sun tura ku.

3/ Motar daji ta gaskiya shasinta daban, bodinta daban, kuma tana da giyar ƙarfi, wadda ake rubuta wa 4L. Prado, Land Cruiser, 4Runner, Hilux, GX 470. Su ne aka ƙera don yashi da kwazazzabo.

4/ Ko a cikinsu akwai tarko. 4Runner da yawa da ake kawowa daga Amurka tayoyin baya kaɗai ke ja. Jiki na jip, aiki babu. Dillali ba zai faɗa maka ba, wani ma wallahi bai sani ba. Ka sa bakanike ya kwanta ƙarƙashi ya duba ko akwai farfelar da ke kai wa tayoyin gaba. In babu, kuɗin suna kawai za ka biya.

5/ Yanzu mu zo kan Range Rover ta hannu, abin da ya sa na buɗe zaren nan.
Ka taɓa tambayar kanka me ya sa tsohuwar Range ta fi Prado sa'arta araha, alhali da suna sababbi ita ce mai tsada? Kasuwa ba mahaukaciya ba ce. Mai ita gudu yake, kai kuma kana tarba.

6/ A kan jakunkunan iska take tsaye, ba sifirin ba. Ran da jaka ɗaya ta huje ko injin hura iskar ya mutu, sai ta durƙusa kamar raƙumi. In a cikin Abuja ne, da sauƙi. In tsakanin Potiskum da Damaturu ne, da Hajiya da jarirai a baya, rana ta kusa faɗuwa fa?

7/ Wani kawuna ya karɓi kuɗin sallamarsa na shekara 35 a aikin gwamnati, aka zuga shi ya ɗauko irinta. Sallah ɗaya ta je gida. Yanzu tana ƙarƙashin darbejiya, kaji na kwana a inuwarta, shi kuma yana hawan Keke Napep zuwa masallacin Juma'a. Waɗanda suka zuga shi ko lita ɗaya ba su taɓa zuba mata ba.

8/ Gwajina mai sauƙi ne. Kafin a biya, a shiga Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tambayi kuɗin lagireto, shokozoba da famfon mai na motar. In mai shago ya miƙo hannu ya ɗauko, alhamdulillah. In ya ce "sai dai a yi oda daga Ladipo", to ka ji amsarka.

9/ Kar a ce Toyota ke biyana, su ma da nasu. GX 470 Prado ce da rigar Lexus, ita ma jakar iska ce a bayanta. Injinta V8 mai lita 4.7 da bel yake aiki a ciki, wanda dole a canza shi in ya yi tafiya. V6 mai lita 4.0 na Prado da 4Runner kuwa sarƙa ce. Ka tambayi mai GX yaushe aka canza bel. In ya fara sosa ƙeya, ka cire kuɗin daga ciniki.

10/ Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010: motoci ne masu ƙarfi, kuma sun fi araha. Amma an san su da ciwo ɗaya, lagireto na fashewa ta ciki ruwa ya gauraye da man giya. A buɗe a duba. In ka ga abu kamar madara mai ja-ja, giya ta tafi, ka yi musu sallama.

11/ Sai tsatsa. A jihohin Amurka masu ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi, shi ke cin shasi ta ciki. Ba ƙaramin abu ba ne, a 2016 sai da Toyota ta amince ta biya biliyoyin daloli kan ruɓewar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia. In ka leƙa ƙasan mota mai shekara 15 ka ga baƙin fenti sabo fil yana ƙyalli, tambayi abin da aka rufe.

12/ Lambar VIN, harafi da lamba 17, tana jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Mu da muke kwana a waya, a nan ya kamata mu yi wa iyayenmu amfani. Ka bincika ta a intanet. Sau da yawa hoton motar a filin gwanjo zai fito, gaba a murƙushe ko ambaliya ta shanye ta. "Wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita" ƙarya ce mai gemu.

13/ Takardun kwastan ma a tantance. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, 'yan Kwatano da yawa ta daji suka biyo. Ba a gida za a kama ku ba, sai a hanya, da iyali.

14/ Mai. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi lissafi ya canza, amma har yanzu muna zaɓen mota kamar lita tana naira 185. V8 na shan wajen lita 15 a kilomita 100. Kano zuwa Maiduguri kusan kilomita 600 ne, lita 90 ke nan zuwa kawai. Ninka da farashin yau, sannan ka tuna Baba ɗan fansho ne.

15/ Wanda zai jawo min zagi: gidaje da yawa Sienna ce maganinsu. In hanyar garinku kwalta ce har ƙofar gida, me za ku yi da 4L? Kujerun ƙarshe na Prado na yara ne, kuma da an sauke su babu wurin akwati, balle buhun shinkafa da kayan Hajiya. Amma a'a, "ai Sienna motar haya ce". To motar haya ta kai mutum bakwai da kayansu lafiya.

16/ Kuma a halin da hanyoyinmu ke ciki, baƙar Prado mai baƙin gilashi sanarwa ce. Kowa ya gan ku ya ɗauka ɗan majalisa ne. Ni dai ba na son a yi wa mahaifina kallon abin da ba shi da shi.

17/ Na san wani zai ce "kai da ko babur ba ka da shi, alawus ɗin makaranta kake jira". Gaskiya ne. Amma ni ake kira in mota ta mutu a hanya, ni ke tsayuwa a gareji daga safe har la'asar, kuma kuɗin rajistata daga aljihun da ke biyan bakanike yake fitowa.

18/ Ranar gwaji a je da bakaniken gida, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da injin da sanyin safiya kafin a ɗumama shi, a sauka daga kwalta, a sa 4L a ji ko ta shiga ta kuma fita. Dillalin da ya ce "Alhaji za ta yi ƙura", a bar masa kayarsa.

19/ Masu Range Rover, na ga kun fara taruwa a ƙasa. Bismillah, amma kowa ya zo da rasit ɗin gareji na bana.