Kan Dutse Rabin Tafiya Ne

Ya kai mai karatu, wataƙila ka taɓa hawa Dutsen Olumo da ke Abeokuta, ko tsaunukan Idanre da ke Jihar Ondo. A can akwai matakala, akwai jama'a, kuma gari yana kusa. In ka gaji, sai ka sauko ka sha ruwa. To, yau zan kai ka wani dutse dabam, a cikin hamadar Sahara, domin in gaya maka ra'ayina game da hawansa.

A arewacin Jamhuriyar Nijar akwai jerin duwatsu da Hausawa ke kira Abzin. Mutanen wurin su ne Abzinawa, kuma babban birnin yankin shi ne Agadas, inda ake jin Hausa sosai. Arewa maso gabas da Agadas akwai tsaunin Bagzan. Ƙololuwarsa ana kiranta Idukal-n-Tages, kuma tsayinta mita 2,022 ne daga doron teku. Babu wurin da ya fi ta tsayi a duk ƙasar Nijar. A bisa tsaunin akwai ƙauyuka da lambuna, kuma tun zamanin da, da ƙafa da jakuna mutane ke hawa da sauka.

Ra'ayina shi ne: wanda ya hau irin wannan dutse bai yi nasara ba tukuna, sai ya dawo gida lafiya. Kan dutse rabin tafiya ne. Ga dalilaina.

Na farko, ruwa ne sarkin tafiyar. Iskar hamada busasshiya ce. Gumi yana bushewa tun kafin ka gan shi, don haka jikinka yana rasa ruwa ba ka sani ba. Mai tafiya cikin zafin rana yana bukatar lita huɗu ko fiye a yini, kuma kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne a bayansa. Saboda haka mai hankali yakan raba ruwansa tun daga ƙasa: kashi ɗaya na hawa, kashi ɗaya na sauka, da ɗan saura domin ko-ta-kwana. In na hawa ya ƙare, to, tafiya ta ƙare, ko da ƙololuwa tana gaban idonsa.

Na biyu, dutse yana yaudarar ido. Za ka hango wani tudu, ka ce ai ga ƙarshe nan. Kana isa, sai wani ya bayyana a bayansa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sa'an nan akwai wuraren da ƙafa kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da hannu. A nan ƙa'ida ita ce ka motsa gaɓa ɗaya, sauran ukun suna riƙe da dutse. Ka girgiza dutsen da za ka kama, ka ji ko yana motsi, kafin ka ɗora masa nauyinka. Kada ka tsaya daidai ƙarƙashin abokinka, domin ƙaramin dutsen da ya gangaro daga ƙafarsa yana iya fasa maka kai. Ka kuma tuna cewa duk inda ka hau, ta nan za ka sauko, alhali gwiwoyinka sun gaji, rana kuma ta yi yamma. Sauka ta fi hawa haɗari.

Na uku, yanayi yana juyawa da sauri. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. A watannin Disamba da Janairu, wanda ya sha rana da azahar yana iya kwana yana rawar ɗari, in bai zo da bargo ba. Da damina kuwa, ruwan da aka yi a wuri mai nisa yana iya cika busasshen kwari farat ɗaya. Shi ya sa ba a shimfiɗa tabarma a cikin kwari, komai laushin yashinsa.

Wa ya san duk waɗannan abubuwa? Ɗan gari. Ba'abzinen da ya tashi yana kiwon awaki a gindin Bagzan ya san inda ruwa ke taruwa a cikin duwatsu, ya san hanyar da jaki zai iya bi, ya san wadda ke ƙarewa a bakin rami. Taswira da wayar hannu suna da amfani, amma batir yana mutuwa, kuma taswira ba ta faɗin cewa rijiya ta ƙafe a bana. Da ɗan gari akan ci gari. In jagora ya ce a juya, a juya. Shi ne kuma zai nuna maka yadda ake neman izinin hukuma, ya gaya maka ko hanya tana da tsaro.

Wani zai ce: "Malam, bayan an kashe kuɗi, an sha wahalar kwana da kwanaki, sai a juya ana ganin ƙololuwa? Ai wannan tsoro ne." Na fahimci wannan magana, domin juyawa tana da ciwo. Amma ka duba da kyau. Wanda ya nace ba kansa kaɗai ya jefa cikin haɗari ba. In ya karye, jagoransa da abokansa ne za su ɗauko shi a kafaɗa, da ɗan ruwan da ya rage, kuma asibiti yana da nisa. Wannan ba jarunta ba ce, son kai ne. Dutsen yana nan baɗi, amma rai ba a sake shi.

Ban ce kada ka hau ba. Ka hau, in Allah ya ba ka dama, ka ga faɗin hamada da idonka. Amma tun kafin ka ɗaura takalmi, ka tsayar da lokacin juyawa, ka gaya wa mutanenka ranar da za su sa ran ganinka. Sa'an nan ka cika musu alkawari.

Ma'anar Kalmomi
ƙololuwa: wuri mafi tsayi a kan dutse
gaɓa: hannu ko ƙafa
kwari: wuri mai zurfi tsakanin duwatsu, inda ruwa ke bi
ko-ta-kwana: shiri domin abin da ba a zata ba
jagora: mai nuna hanya

Tambayoyi
1. Ina tsaunin Bagzan yake, kuma mita nawa ne tsayin ƙololuwarsa?
2. Yaya mai hankali yake raba ruwansa?
3. Me ya sa ba a kwana a cikin kwari?
4. Bayyana ma'anar "da ɗan gari akan ci gari".
5. Ka yarda cewa juyawa ba tsoro ba ne? Kawo dalilai biyu.