FILIN IYAYE: Ku Bar Yaro Ya Taɓa Laka

Yau maganarmu a kan wasan laka ce, wanda iyaye da yawa suke tsawata wa yara a kansa don gudun dauɗar riga, sa'an nan su miƙa musu waya ko motar roba ta kanti su yi shiru. Wannan kuwa hasara ce. Yaron da ya murza laka ya fitar da saniya da hannunsa ya koyi haƙuri da lura da auna abu, waɗanda ba a sayo su a kasuwa.

Ku dubi bayan takardar naira 20, za ku ga hoton Ladi Kwali tana ginin tukunya. Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a wurin wata 'yar'uwarta a garin Kwali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1977 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Da an hana ta taɓa laka, da ba mu san sunanta ba.

Aikin ba shi da wuya. A samo yumɓu mai kyau, a tsince tsakuwa, a jiƙa shi ya kwana. Da safe a cuɗa shi da ɗan yashi mai laushi don kada ya tsage. Ɗan shekara 3 ya isa ya mulmula ƙwallo ko ya danna tafin hannunsa ya ga sawunsa. Ɗan shekara 5 ko 6 sai ya murza laka kamar igiya, ya riƙa ɗora ta zagaye-zagaye har ta zama 'yar tukunya. A shanya a inuwa, gama rana mai zafi fasa shi take yi. In ya bushe, a yi masa ado da farar ƙasa, da jar ƙasa, da garin gawayi, da shuni, a dama kowanne da ruwan ƙaro don ya kama.

Sai dai fa a kula da inda ake ɗibar ƙasar. Kada a ɗebo ta bakin kwata ko juji, ko kusa da inda ake niƙa duwatsun zinariya. A 2010 gubar dalma da ke cikin irin wannan ƙasa ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Babba ya zauna kusa don kada ƙaramin yaro ya kai laka baki, kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

In yaro ya kawo muku saniyarsa mai ƙafa uku, ku yaba, kada ku gyara masa. Gobe shi da kansa zai ƙara ta huɗun. Riga kuwa, ruwa da sabulu sun ishe ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.