Kafin ka zuba kuɗinka a babban mashin, ɗan tsaya mu yi lissafi

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan lakca.

Jiya da dare muna zaune a majalisarmu ta Ƙofar Wambai, wani abokina da muke digiri na biyu tare ya miƙo min waya ya ce, "Malam, duba min wannan dokin." Na duba, sai ga hoton wani ƙaton mashin irin na masu yawon duniya, mai dogayen ƙafafu da akwatunan ƙarfe gefe da gefe. Na hannu ne, ɗan Kwatano. Wai rabonsa na gado ya fito, kuma ya gaji da jiran mota zuwa Gubi, ga aikin tattara bayanai yana jiransa a ƙauyukan Dass. Da na tambaye shi CC nawa ne, sai ya ce ya haura 1000, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Na ce masa kada ya saya. Mun yi musu har mai shayi ya fara kife kofuna. Tunda na san ba shi kaɗai ke da wannan mafarkin ba, na ga gara in kawo hujjojina nan, kowa ya auna da kansa.

Mu fara da CC ɗin da ake ta alfahari da shi. Girman cikin silindar injin ne kawai, wato yawan iska da man da fiston yake ja a kowane bugu. Bajaj Boxer da ya cika titunanmu yana zuwa a CC 100 da 150. Ƙaramin yana ba da ƙarfin doki kusan 8, babban kusan 12, nauyinsu kuma bai wuce kilo 110 zuwa 125 ba. To kwatanta da BMW R 1250 GS, wanda shi ne sarkin irin waɗannan mashinan na doguwar tafiya: ƙarfin doki 136, nauyi kilo 249 idan an cika tanki. Wannan ya fi ƙarfin motoci da yawa da malamanmu ke shiga da su makaranta, kuma a kan taya biyu. Nauyinsa buhun siminti biyar ne. Ka tambayi kanka, ka taɓa ɗaga buhun siminti biyar daga ƙasa kai kaɗai?

Ni dai na gwada, kuma ban ji da daɗi ba. Bara da damina na ari wani babban mashin a hannun yayan abokina, wai zan je raba takardun tambayoyi a wani ƙauye. A kan kwalta wallahi ba a magana, ka ɗan murza totur sai ka ji kamar an ja ka da igiya. Ina sauka kan burji labari ya canza. Na zo wani kwazazzabo mai yashi, tayar gaba ta nutse, na kai ƙafa ƙasa sai na ji ba ta kai ba, muka kwanta ni da shi. Ban ji ciwo sosai ba, alhamdulillahi, sai ƙujewa a gwiwa. Amma na fi minti ashirin ina kokawa da shi ya ƙi tashi, sai da wasu manoma biyu suka zo muka haɗa ƙarfi. Muna cikin haka wani dattijo ya zo a kan tsohon Jincheng, ga buhun masara a baya, ga akuya a ɗaure a gaba, ya ratsa yashin nan yana dogara ƙafa, ya ce min "sannu ɗan makaranta," ya wuce abinsa. Ranar na fahimci ma'anar daidai ruwa daidai tsaki.

Saboda haka tambayar farko ita ce ta ƙafa. Ka hau mashin ɗin a tsaye, ka ga ko tafin ƙafarka yana taɓa ƙasa. Sirdin R 1250 GS yana da tsayin santimita 85 zuwa 87, na Yamaha Ténéré 700 ya kai kusan 87 da rabi. Da yawanmu ba mu da tsayin da za mu dire ƙafa biyu a kan wannan. A titin Turai mai santsi wataƙila ka lallaɓa da ɗan yatsan ƙafa. A cunkoson Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal, inda za ka tsaya sau goma a mita ɗari, ga mai Keke ya yanko ta hagu, ga mai baro ta dama, ga kwata a gefe, ƙafar da ba ta kai ƙasa ba faɗuwa ce ke jiran ranarta.

Tambaya ta biyu: idan ya faɗi, za ka iya tayar da shi kai kaɗai? Duk mai hawa hanyar ƙauye zai faɗi wata rana, wannan ba baki ba ne. Idan a cikin gari ne jama'a za su taimaka. Idan tsakanin gonaki ne da la'asar sakaliya, ga hadari ya haɗo, ga wayarka ba sabis, to kai da ƙarfinka ne.

Tambaya ta uku ita ce ta aljihu, kuma nan ne ɗalibi ya kamata ya fi natsuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowa ya san yadda lita ta koma. Ƙaramin mashin mai lafiya yana iya yin kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya. Babban da ya haura CC 1000 yana yin kusan 20, idan ma ba ka matsa masa ba. Daga cikin gari zuwa Gubi ka dawo, ka ƙaddara kilomita 40 ne ko sama da haka. Kenan mai Boxer lita ɗaya, mai babban doki lita biyu. A wata guda na zuwa makaranta kwana 20, bambancin ya kai lita 20. Ka ninka da farashin da ka gani a gidan mai yau da safe, sannan ka tuna akwai kuɗin rajista, kuɗin buga takardu, kuɗin data, da kuɗin ɗaure kundin bincike har kwafi nawa.

Man ma shi ne ƙaramin ciwo. Babban ciwon gyara ne. Idan Boxer ko TVS ko Haojue ya tsaya maka a Kafin Madaki ko Liman Katagum, da wuya ka tura shi nisa ba ka samu bakanike a gindin bishiya ba. Fulogi, sarƙa, kulochi, wayar birki, tib, duk suna rataye a shago. Kafireta ce, a kwance a wanke a mayar. Manyan mashinan zamani kuwa kwamfuta ke sarrafa mansu, suna da na'urori masu auna komai. Idan ɗaya ta lalace sai an jona na'urar bincike kafin a san ciwon, sannan a yi odar kayan daga Legas ko daga waje, da dala. Tayarsa ɗaya tana iya cin kuɗin da zai yi maka hidimar ƙaramin mashin na tsawon lokaci. Kuma irin waɗannan injina ba sa wasa da gurɓataccen mai, alhali wanda ke yawon ƙauye dole wata rana ya sayi na kwalba a bakin hanya. Mashin da ke jingine a zaure wata uku yana jiran kaya daga waje bai kai ka ko'ina ba, sufabaiza kuma ba zai karɓi wannan uzurin ba.

Abokina ya ce ai masu zagaya duniya manya suke hawa. To mu duba su ɗin. A 2004 'yan fim ɗin nan na Birtaniya, Ewan McGregor da Charley Boorman, sun tashi daga Landan zuwa New York ta gabas a kan manyan BMW. A Mongoliya sun sha faɗuwa cikin laka saboda nauyi. Da mashin ɗin mai ɗaukar musu hoto ya lalace, sai aka saya masa wani ƙaramin ja ƙirar Rasha, kuma shi ya riƙa ratsa wuraren da manyan ke maƙalewa. A 2022 ɗan ƙasarmu Kunle Adeyanju ya taso daga Landan ranar 19 ga Afrilu ya iso Legas ranar 29 ga Mayu, don wayar da kai kan cutar shan inna. Honda CB500X ya hau, injin da bai cika CC 500 ba, ya ratsa Sahara da shi. Baturiyar nan 'yar Holan, Noraly, da aka fi sani da Itchy Boots a YouTube, ta fara yawonta da Royal Enfield Himalayan mai CC 411, kuma lokacin da ta ratso Afirka ta Yamma har ta shigo Najeriya, Honda CRF300 Rally take kai, wanda bai kai CC 300 ba, nauyinsa kilo 150 da 'yan kai. Shi kansa sunan Ténéré da Yamaha ke taƙama da shi, sunan hamadar da ke arewa maso gabashin Nijar ne, nan maƙwabta. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka fara a ƙarshen 1978, Cyril Neveu ya lashe ta a kan Yamaha XT500 mai silinda ɗaya. Idan CC 500 ya isa ratsa Sahara, me kake nema da 1200 tsakanin Yelwa da Gwallameji?

Sai batun da ya fi duk waɗannan nauyi, wato rai. 'Yan kimiyya a cikinmu sun san lissafin: idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo yana ninkuwa sau huɗu, haka ma tazarar da birki ke buƙata kafin ka tsaya. Ƙaramin mashin yana yafe kuskure, ka murza da yawa ya ɗan yi ƙara ya tafi a hankali. Babba ba ya yafiya, kafin ka ankara ka haura 120, ga rami, ga garken shanu sun keto titi. Shi ya sa a ƙasashen Tarayyar Turai lasisin mashin hawa-hawa ne: matakin A1 ba ya wuce CC 125, matakin A2 ba ya wuce ƙarfin doki kusan 47, sai ka yi shekara biyu a nan ko ka kai shekara 24 kafin a sakar maka kowane iri. Mu a nan babu mai tambayarka, kuɗinka ne lasisinka. Tunda hukuma ba ta kafa mana matakala ba, sai mu kafa wa kanmu. Kowannenmu ya san ɗalibin da aka je dubawa a sashen ƙashi, wani ma jana'izarsa aka je. Iyayenmu sun sayar da amfanin gona sun turo mu karatu, digiri suke jira mu kai musu.

Don adalci, masu son babba suna da hujja guda da ban raina ba. A babban titi kamar na Bauchi zuwa Jos ko hanyar Ningi zuwa Kano, mai CC 100 yana wahala. Tirela ta wuce ka iskarta ta kaɗa ka, ka zo wuce mota ba ƙarfi, ga goyo a baya ga jaka, injin yana kuka a hawa. Wanda yake da jiki, ko yake yawan doguwar tafiya, ƙaramin zai gajiyar da shi. Haka kuma ƙananan sun fi shiga idon ɓarayi, saboda sun fi saurin sayuwa. Na yarda da wannan duka. Amma maganinsa matsakaici ne, ba sai an tsallaka can ƙarshe ba.

Ga yadda nake ganin rabon. Idan zirga-zirgarka gida, makaranta, kasuwa ce, CC 100 zuwa 125 ya ishe ka, har da roba-roba idan ba ka barin kwalta. Idan kana haɗawa da Gubi kullum da hanyoyin ƙauye kamar abokina, nemi 150 zuwa 200 mai ɗan tsayi daga ƙasa, ka sa masa taya mai ƙurji da kariya mai ƙwari. Idan ka shekara biyu ko uku kana hawa, kana da abin shiga na kanka, kuma da gaske kana son zuwa Mambila ko Obudu, to 250 zuwa 500 ya kai ka ya dawo da kai. Abin da ya haura haka, ka bari sai ranar da kuɗin tayarsa ba zai hana ka barci ba.

Kuma duk wanda ka zaɓa, ka rage kuɗi don hular kwano ta gaske, mai rufe haɓa, har guda biyu saboda wanda za ka goya. Bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Ka sayi safar hannu da takalmi mai rufi, ka bar silifas a gida. Ka yi lamba da takardu da lasisi. In na hannu za ka saya, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka duba lambar injin da ta jiki su dace da rasit, kada ka sayi kayan sata ka kwana a bayan kanta.

Abokina bai ce ya yarda ba tukuna. Amma da safen nan ya turo min saƙo yana tambaya nawa ake sayar da sabon 150, kuma ko ragowar kuɗin za su isa kwamfuta. Na ce masa za su isa, har da hula biyu.

Wanda ya taɓa hawan babba a hanyoyinmu kuma yana ganin na yi kuskure, bismillah, ya faɗa mana CC nawa, lita nawa yake sha a mako, kuma a ina yake gyara. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa mu kammala karatun nan lafiya.