Shugaban Tafiya Shi Ke Riƙe Da Amanar 'Ya'yan Mutane

Mutanen Tudun Ƙofa da ke neman abinci a Ikko da Badun sun san yadda Keffi ke cika da baƙin samari da 'yan mata idan an buɗe sansanin 'yan bautar ƙasa na Magaji Ɗan Yamusa. Wannan shiri, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa cikin 1973, yana farawa da horon mako uku: fareti, hawan igiya da tsallake katanga. Tushen irin wannan horo shi ne makarantar Man O' War Bay da aka buɗe a gaɓar tekun Kamaru cikin 1951, wadda yanzu take da rassa a duwatsun Shere kusa da Jos da kuma Apapa.

Babu mai musun amfaninsa, gama yana koya wa yaro juriya da taimakon ɗan'uwa. Amma fa ba a manta ba, a ƙarshen 2016 'yan bautar ƙasa uku sun rasu lokacin zaman sansani a jihohin Kano, Zamfara da Bayelsa. Ajali na Allah ne, sakaci kuwa na mutum ne.

Saboda haka duk wanda ya ja 'ya'yan mutane zuwa fili ko daji, ko jami'in sansani ne, ko malamin makaranta, ko shugaban 'yan sikawut da 'yan agaji, lalle ne ya san mai asma da mai sikila tun kafin a tashi. Ya ƙirga yara da fita, ya ƙirga su da komowa. Ya gwada igiya da hannunsa, ya tanadi ruwan sha da motar da za ta kai majinyaci babban asibitin tarayya na Keffi. Zafin watan Maris yana kayar da ƙato, rafin Agusta kuma yakan cika ba sallama. In ya ga alamar haɗari, ya ce a juya, ko da za a kira shi matsoraci.

Iyayen da ke Kurmi, waɗanda suka bar yara gida wajen karatu, su ma da nasu nauyin. Kafin uba ya ce ya yarda, sai ya tambayi mai riƙon yaron: wa zai jagoranci tafiyar, yara nawa ke hannun malami guda, ina asibiti mafi kusa? Makarantar da ta kasa amsa waɗannan ba ta cancanci a ba ta yaro ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.